Yadda za ka haɗa dokumentari da ɗan kuɗin da ke aljihunka

Matasanmu da yawa suna son yin dokumentari, wato fim na gaskiya wanda ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba, amma sun zauna jiran ranar da za su samu kuɗin babbar kyamara, shekara tana tafiya, tsofaffin da suka san labarin kuma suna ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin nan yana damuna sosai wallahi. Wanda ba shi da kuɗi yana da abu biyu da kamfanin waje ba zai taɓa samu ba, yana da lokaci kuma ɗan gida ne, yana jin yaren, ya san wanda ake gaisarwa a tsugune, zai iya komawa waje ɗaya sau goma ba tare da ya biya kuɗin jirgi da otal ba. A kan wannan za ka ɗora aikinka gaba ɗaya, sauran duk dabara ce.

Ka fara da mutum ɗaya, kusa da gida

Kar ka ce za ka yi fim a kan "tarihin Kano" ko "matsalar almajirci a Arewa", wannan aikin gidan talabijin ne mai ma'aikata da mota. Ka nemi mutum ɗaya da yake cikin wani hali, yana son wani abu kuma akwai abin da ya tare masa hanya. Bari in ɗauki misalin da zan riƙa komawa kansa, marinar Kofar Mata a Kano wadda allon da ke ƙofarta ya nuna an kafa ta a shekarar 1498. Kowa ya je ya ɗauki ramuka da shuɗin zane ya sa kiɗa a ƙasa, an gani har an gaji. Amma a ce ka samu dattijo ɗaya marini da yake son ɗansa ya gaje shi, shi kuma yaron hankalinsa yana kan gyaran waya a Farm Centre, to ka ga yanzu akwai labari, akwai abin da mai kallo zai zauna ya ga yadda za ta kaya. Rinin da baba da toka da kanwa duk za su shigo da kansu ta hannun mutumin nan.

Gwajin da nake ba kowa shi ne ka faɗi fim ɗin a jimla biyu ga wanda bai san harkar fim ba, ƙanwarka ko mai shayin layinku. In ya ce "to sai me ya faru?" ka kama hanya. In ya ce "Allah ya taimaka" kawai, koma ka sake tunani. Sannan wajen ya zama inda kuɗin adaidaita ɗaya zai kai ka, dan kuɗin mota shi ne yake cinye kasafin ƙaramin fim a ɓoye. Tsawo kuma ka tsaya a minti 10 zuwa 20 a fim ɗinka na farko.

Zuwa ba kyamara

Wannan matakin shi mutane suke tsallakewa kuma shi ne rabin aikin. Sati biyu ko uku na farko ka je hannu rabbana, ka gaisa, ka zauna, ka sha shayi, ka ga ƙarfe nawa ake fara aiki, yaushe rana take faɗowa kan wajen, yaushe injin markaɗen maƙwabta yake tashi, wa ake jin maganarsa, wa yake da surutu amma ba shi da labari, wa yake shiru amma in ya buɗe baki kowa sai ya juyo. Ka riƙe ɗan littafi kana rubutawa bayan ka bar wajen, ba a gabansu ba, dan rubutu a gaban mutane yana sa su ɗauka kai ma'aikacin haraji ne ko ɗan leƙen asiri.

Ka bi ta ƙofa. Kowace sana'a tana da shugabanta, kowace unguwa tana da mai unguwa, ƙauye yana da dagaci, in abin ya kai ga hakimi ka je. Ka samu wani babba da aka sani ya raka ka ya gabatar da kai, ka faɗi gaskiyar abin da za ka yi da inda za a nuna shi, kar ka yi alƙawarin cewa gwamnati ko turawa za su kawo tallafi in sun gani, wannan ƙaryar ita ta ɓata wa masu zuwa a baya hanya a wurare da yawa. In za ka ɗauka a kan titi ko kasuwa ka leƙa ofishin 'yan sanda na yankin da shugabannin kasuwa ka sanar, ka riƙe takarda mai bayanin aikin da katin shaidarka. Barikin soja, shingen jami'an tsaro, filin jirgi, kar ma ka ɗaga waya a wajen. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuma a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ni shawarata ka manta da shi, hawa saman bene ko Dutsen Dala zai ba ka hoton sama mai kyau.

Ke kuma 'yar'uwa da kike karanta wannan, kina da damar da mu maza ba mu da ita. Cikin gida inda aka rubuta ba shiga, wajen masu ƙuli-ƙuli da masu kitso da ungozoma da masu saƙar hula, ke ce za ki shiga ki zauna a tabarma a saki jiki da ke. Amma ki nemi yardar matar da ta maigidan tun kafin ranar ɗauka, kar a gama aiki a zo a ce a goge.

Yarda kuma a ɗauke ta a kyamara. Takardar sa hannu tana da kyau, bukukuwan fim na waje suna tambayarta, amma dattijon da ba ya karatun boko takarda tsoro take ba shi. Ka kunna kyamara ka ce baba ka faɗi sunanka, ka faɗi cewa ka yarda a ɗauke ka a nuna a intanet da talabijin da wajen taro, ya faɗa da bakinsa, ka ajiye wannan a wani fayil daban. Yaro ƙarami sai da yardar iyayensa, in almajiri ne malaminsa, kuma ko an yarda ka duba ko abin da ka ɗauka zai zame masa abin gori in ya girma.

Maganar kuɗi za ta taso, gara ka tashe ta da kanka. Ni ra'ayina ba a sayen magana, in ka biya mutum dan ya yi hira zai faɗa maka abin da yake ganin kana so ne. Amma in ka tsayar da marini ko mai faskare daga aikinsa na yini, ka biya shi abin da ya rasa, wannan haƙƙi ne, kuma ka riƙa zuwa da ɗan goro ko lemo kamar yadda ake zuwa wajen manya.

Kayan aiki: sauti kafin komai

Wayar da ke hannunka in dai tana ɗaukar bidiyo mai ingancin 1080 ta isa. In da naira ɗari ce gaba ɗaya kuɗinka, ni zan zuba kusan talatin a sauti, ashirin a ma'ajiya da wuta, talatin a mota da abinci da ihsani, sauran in ɓoye su saboda ranar da wani abu zai lalace, dan zai lalace. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba mai zama minti biyu yana sauraron magana da iska tana bugun makirfo.

Ka sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, irin Boya BY-M1 mai doguwar waya wajen mita 6, yana aiki da waya da kyamara kuma ba shi da tsada, ka haɗa da ɗan gashin nan da ake sa masa saboda iska. In da hali ka ƙara rikoda irin Zoom H1n, in babu to wayar abokinka ta zama rikoda, a sa ta a aljihun mai magana, kafin a fara ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara dan ka samu inda za ka haɗa sauti da hoto wajen editin. Iyafis na kunne dole ne, ka riƙa jin abin da yake shiga, kar ka yarda da ido. A rikoda ka sa 48kHz, ma'aunin ƙara ya riƙa wasa wajen -12, kar ya taɓa 0, in ya taɓa murya ta fashe kuma ba ta gyaruwa. Makirfon ya zauna kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ka kula da babbar riga mai sitati da mayafi da carbi, duk suna gogar makirfo.

Sai tirayfod ko da na hannu ne, pawa bank biyu, da had-dis na waje guda biyu. Fitila ba dole ba. Farin kwali babba zai mayar maka da haske kan fuska.

Saitin waya kuma: ka ɗauka a kwance, ka sa ta a yanayin jirgi dan kar kira ya katse maka hira, ka goge gilashin kyamara kowane lokaci musamman da hunturu. Ka sauke manhajar Blackmagic Camera in wayarka tana ɗauka ko Open Camera a Android, duk kyauta ne, ka sa firem 25 a sakan, wato hoto 25 a kowane sakan, da shata, wato saurin buɗewar idon kyamara, a 1/50, dalili wutarmu ta NEPA 50Hz ce, in ka ɗauka a 30 ƙarƙashin ƙwan lantarki za ka ga hoto yana rawa. Ka kulle haske da fokas da hannu kar waya ta riƙa canzawa da kanta a tsakiyar magana. 4K kuma, wato ingancin da ya fi 1080, ka bar shi, minti ɗaya yana iya cin megabait 350 ko fiye, 1080 kuwa wajen 130 ya danganta da waya, ga shi 4K yana sa waya zafi, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram za ta kashe kanta ana tsaka da aiki, ga kwamfutarka ma ba lallai ta iya jan shi ba.

Mutum biyu sun isa tawaga, kai a kyamara da tambaya, ɗaya a sauti da korar yara masu leƙe cikin lalama.

Ranar ɗauka

Haske mai kyau yana nan daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana baƙar fata da farar shadda ba sa shiri a kyamarar waya, ko rigar ta ƙone fari fat ko fuskar ta yi duhu, ga hula tana jefa inuwa a ido. In dole sai da rana ka shiga inuwa ko zaure, ka zaunar da mutum kusa da ƙofa hasken yana zuwa masa ta gefe, kar ƙofar ta zama a bayansa. Kyamara ta yi daidai da idonsa, in a tabarma yake kai ma ka sauko ƙasa, ɗaukar dattijo daga sama rashin ladabi ne kuma hoton ma ba ya kyau.

Kafin ka danna ka rufe ido ka saurara. Janareta, fanka, firji, rediyon maƙwabci, akuya, ruwan sama a kan kwano in damina ce. Wanda za a iya kashewa a roƙa a kashe, wanda ba za a iya ba ka matsa ko ka jira. Ka san lokutan kiran salla ka tsara hirarka a tsakaninsu, in an kira a tsaya a je a yi salla a dawo.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi riƙewa. Mu Hausawa ba ma sauraron mutum shiru, yana magana muna "na'am", "haka ne", "ikon Allah", "ƙwarai kuwa", kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a fim duk waɗannan suna hawa kan muryarsa ba kuma za ka iya cire su ba. Sai ka koyi gyaɗa kai da amsawa da fuska. Amma ka faɗa masa tun farko, ka ce baba in ka ga na yi shiru ba raini ba ne, na'urar ce take ɗaukar muryata, in ba haka ba zai ga kamar ba ka jin daɗin maganarsa ya taƙaita. Kuma in ya kai ƙarshen magana kar ka yi caraf ka jefa wata tambayar, ka ƙirga biyar a zuciyarka, sau da yawa abin da ya fi komai nauyi a bayan wannan shirun yake fitowa, lokacin da ya ɗan sunkuyar da kai ya ce "ai ka san wani abu..."

Tambayar da amsarta eh ko a'a ce ba ta da amfani. Kar ka ce "sana'ar nan tana da wahala ko?", ka ce "baba ba ni labarin ranar da mahaifinka ya fara sa ka a bakin rami", ka ce "yaya kasuwa take lokacin da buzaye suke zuwa sayen turkuɗi, yaya take yanzu". Ka tambayi rana, wuri, mutum, abin da aka ce. In ka tambayi ra'ayi za a ba ka wa'azi da kira ga gwamnati, in ka tambayi abin da ya faru za a ba ka labari. Ka fara da masu sauƙi, masu zafi irin maganar ɗan da ya ƙi gado ka bar su sai zama na biyu ko na uku. Ka kuma san akwai kunya, wata ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗanta na fari ba, kar ka matsa, ka sa sunan a rubuce a ƙasan hoto in ana buƙata. In mutum ya yi kuka ko ya ce a kashe, ka kashe.

Hira kaɗai ba ta yin fim. Kowane aiki da mutumin yake yi ka ɗauke shi kashi uku, daga nesa a ga wajen gaba ɗaya, daga tsakiya a ga shi da aikinsa, sai kusa sosai, hannun da ya rine shuɗi har gwiwar hannu, zane yana fitowa daga rami kore-kore yana komawa shuɗi da iska ta buge shi, kumfar da ke saman ruwan, mabuga suna sauke sanduna a kan shadda. Kowane hoto ka riƙe shi sakan 10 cif ba motsi, ba zum, in kana son kusa ka taka da ƙafarka. Ka ɗauki shigowarsa da fitarsa, cin abincinsa, cinikinsa da mai saye, zamansa da ɗan nasa ko da ba sa cewa komai. Kar ka ce a maimaita abu dan ya yi kyau sai in aikin hannu ne da dama ake maimaitawa, ka fara shirya wa mutane abin da za su yi to ka koma fim ɗin Kannywood ba tare da ka sani ba. Kafin ka tashi daga kowane waje ka ce kowa ya yi shiru ka ɗauki minti ɗaya na sautin wajen kawai, zai cike maka ramuka wajen editin.

Da ka dawo gida, kafin abinci, ka kwafe komai a had-dis biyu, fayil da kwanan wata da sunan waje, ka buɗe ka tabbatar yana wasa sannan ka goge na waya. Ɗaya had-dis ɗin ka ajiye shi a wani gidan.

Editin

A manhajojin yanka da haɗa fim, DaVinci Resolve kyauta ne kuma ƙwararru ma suna aiki da shi amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, in taka tsohuwa ce ka gwada Kdenlive ko Shotcut, in waya ce kawai CapCut zai yi gajeren fim. Amma kafin ka buɗe ko ɗaya ka zauna ka rubuta duk hirar a takarda da lokacin da aka faɗi kowace magana. Aiki ne mai cin rai, awa ɗaya ta hira tana iya cin maka yini, amma a nan za ka san abin da kake da shi, kuma ba ya buƙatar wuta. Ka ja layi a ƙarƙashin maganganun da suka taɓa ka, ka yanka su da almakashi, ka jera a ƙasa har ka ga labarin ya tashi daga wani waje ya sauka a wani.

Haɗin farko zai yi tsawo, wataƙila ninki uku, ba komai. Ka nuna wa mutum uku da ba sa jin kunyarka, kar ka yi musu bayani, ka zauna a baya ka ga inda suka ɗauki waya suna dannawa, wajen nan shi za ka yanke ko da ka sha wahala kafin ka same shi. Muryar mai ba da labari a sama ka rage ta iya yinka, in dattijon zai iya faɗa da bakinsa bar shi ya faɗa. Kuma kar ka yanka maganar mutum ka haɗa ta yadda zai faɗi abin da bai faɗa ba, amana ce ya ba ka.

Kiɗa yana da masu shi. Waƙoƙin manyan mawaƙanmu na gargajiya da suka rasu suna da magada, na zamani suna da kamfani, YouTube kuma yana gane waƙa da kansa ya toshe fim ko ya karkatar da kuɗin, bikin fim ma ba zai karɓa ba sai da takardar izini. Ka nemi mai gurmi ko mai kukuma ko mai sarewa a garinku, ku yi ciniki, ka ɗauke shi a ɗaki mai shiru da daddare, ya yarda a rubuce ko a kyamara, ka sa sunansa a ƙarshen fim. Sau da yawa ma ƙarar aikin kanta, irin bugun mabuga, ta fi kowane kiɗa. Tsofaffin hotuna kuma ka leƙa Gidan Makama da Gidan Dan Hausa a Kano, ko Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ka tambayi sharaɗin amfani da su.

Fassarar ƙasan hoto da Turanci, da Faransanci in kana son Nijar da sauran maƙwabta da bukukuwansu, ka yi ta da manhajar Subtitle Edit ko Aegisub, layi biyu kawai, kowane layi kar ya wuce harafi 42, kuma ka ba wanda ya iya yaren sosai ya duba, karin magana ba a fassara ta kalma da kalma. Ka fitar da fim ɗin a tsarin bidiyo na H.264, 1080, ka saurare shi a lasifikar waya dan a nan yawancin mutanenmu za su kalla.

Fitar da shi

Masu kallo na farko su ne waɗanda ka ɗauka. Ka ari majigi ko ka je da laftof, ku zauna a inda aka yi aikin su gani kafin duniya ta gani, in akwai abin da zai jawo wa wani matsala a gidansa ko sana'arsa ku tattauna, ka kuma tura musu kwafi a wayoyinsu. In za ka nuna a bainar jama'a ko ka sayar a Kano ka je hukumar tace fina-finai ta jiha ka ji ƙa'idarsu, ta ƙasa kuma ita ce NFVCB.

Kar ka yi gaggawar ɗorawa a YouTube in kana son bukukuwa, da yawansu ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a intanet. Ka buɗe shafi a FilmFreeway, dandalin intanet da ake tura fim zuwa bukukuwa, ka duba iREP a Legas wanda na dokumentari ne zalla, da AFRIFF, da Zuma na hukumar fina-finai ta Najeriya, da KILAF a Kano na harsunan Afirka, da FESPACO a Wagadugu da ake yi duk bayan shekara biyu. In kuɗin shiga da dala ya fi ƙarfinka ka rubuta musu gajeriyar wasiƙa ka roƙi a yafe maka, ana yafewa wani lokacin. Wannan gajeren fim ɗin kuma shi ne shaidarka in za ka nemi tallafin babban aiki a wurare irin IDFA Bertha Fund na Amsterdam ko Hot Docs-Blue Ice na Toronto da yake tallafa wa masu dokumentari na Afirka, za su nemi taƙaitaccen labari da tsarin aiki da kasafi da ɗan samfurin abin da ka ɗauka.

Bayan ya gama zagayen bukukuwa sai YouTube, kuɗin talla yana farawa ne in ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ka yanka gajerun guntaye a tsaye ka watsa a TikTok da Facebook da WhatsApp su jawo mutane. In tashar talabijin irin Arewa24 ko ta jiha ta nuna sha'awa, ka ba su izinin nunawa na wani lokaci, a rubuta shekara nawa ne, sau nawa za su haska, kuma ko kana da damar ba wa wata tashar, kar ka sa hannu a takardar da ta ce ka sayar gaba ɗaya har abada. Ɗanyen abin da ka ɗauka ma kar ka goge shi dan fim ya fita, hirar awa uku da ka ɗauki minti shida a ciki ka bar ta a had-dis biyun nan, ka riƙa jona su a kwamfuta duk bayan 'yan watanni kana dubawa, in ɗaya ya fara ƙara ko jinkirin buɗewa ka sayi wani ka kwafe tun bai mutu ba.